In Tsoho Ya Kwanta a Asibiti

Jama'a, a ƙasar nan ba mu saba kai iyayenmu gidan tsofaffi ba, kamar yadda ake yi a Ingila. Amma in ciwo ya kayar da tsoho, gadon asibiti shi ne gidansa na makonni. A Potiskum, inda ake kawo marasa lafiya daga Fika da Nangere da Damagum, nas ɗaya takan tsare gadaje masu yawa cikin dare. To, me ɗa zai yi in ya ga ba a kula da mahaifinsa yadda ya kamata?

Wasu sukan ta da jijiyar wuya, wasu su kwashe tsohon zuwa gida a koma wa mai kemis. Duka biyun asara ce, domin tsohon ne ke biyan kuɗin fushin.

Abin da ya fi, a tsara jinya. Tsohon da ba ya iya motsi, a riƙa juya shi bayan kowace awa 2. In ya daɗe a gefe guda, jini yakan daina isa fatar ƙugu da diddige, sai gyambo ya ɓarke, wanda warkewarsa kan ɗauki watanni. A riƙa ba shi ruwa ko bai roƙa ba, sai fa in likita ya hana, don tsufa kan rage jin ƙishirwa. A ajiye littafi a rubuta kowane magani da lokacin da aka ba shi.

In an ga sakaci, sai a je wa shugabar nas-nas ta ɗakin da littafin a hannu, cikin ladabi. In ba a gyara ba, a rubuta wa babban likita takarda. Wannan ba rashin kunya ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kowa ikon kai ƙara kan yadda aka kula da shi a asibiti, a kuma bincika.

Saura 'yan'uwa. Kada a bar wa 'ya mace guda kwanan tabarma, sauran suna aiko kuɗi daga Abuja. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A raba kwanaki, kowa ya zo ya juya mahaifinsa da hannunsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa.