Batirin Tocila: Kada Babbar Lamba Ta Ruɗe Ki



Makon jiya, wajen ƙarfe biyun dare, autana ya farka jikinsa zafi rau. An ɗauke wuta tun magariba. Na ɗauko babbar tocilar da maigida ya saya don in auna wa yaron maganin zazzaɓi, ko minti biyar ba ta yi ba ta dusashe, alhali da rana na cika ta da caji. Da hasken waya na ƙarasa. Washegari na kwance gindinta, sai ga batir an rubuta masa 9900mAh. Ashe nan gizo ke saƙa.

Da yawa daga cikin manyan tocilolin nan masu caji suna amfani da batir mai suna 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Lambobi biyu ke bayyana halinsa. Ta farko mAh, ita ce yawan wutar da yake ajiyewa, kamar girman randa. Ta biyu A, ita ce yawan wutar da yake iya saki a lokaci guda, kamar faɗin bakin famfo. Tocila mai tsananin haske tana zuƙar wuta da yawa. In randa babba ce amma famfon tsukakke, sai batirin ya ɗau zafi, haske ya ragu.

Ga yadda sanannu uku suke. Samsung 25R yana ɗaukar 2500mAh, yana sakin 20A, ƙarfi ne da shi amma yana saurin ƙarewa. Panasonic NCR18650GA yana kusan 3500mAh amma 10A yake saki, ya dace da tocilar ɗaki da ake so ta daɗe a kunne. Samsung 30Q yana tsakiya, 3000mAh da 15A, kuma shi zan zaɓa wa tocilar tsakar gida. Kin ga kenan duk wanda ya fi ajiya, ya kan gaza wajen saki. Mai tocilar da ke cin babban batir, 21700, tana iya neman Molicel P42A, mai 4200mAh.

To, in manyan kamfanonin duniya a wajen 3500 suka tsaya, daga ina 9900 ya fito? Rubutu ne kawai a jikin leda. Batir na gaske yana da nauyin giram 45 ko ɗan sama da haka. Ɗora shi a sikelin girki, in ya yi shafal, jabu ne. Ki sani kuma har sunayen nan ana kwaikwaya, don haka ki saya a wurin wanda in kin koma gobe za ki same shi. Ki tafi da tocilar a gwada a gabanki, domin wata sai batir mai ɗan tudu a ka take karɓa.

Sai batun tsaro, wanda ya fi komai. Wannan batir in ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa yana iya kamawa da wuta. Kada ki jefa shi a jaka tare da makulli ko tsabar kuɗi. In ledar jikinsa ta yage, ko ya lotsa, ki daina amfani da shi. Kada a yi caji a kan katifa ko cikin rana, kuma a cire da zarar ya cika. Kada yara su mai da shi abin wasa, kada kuma a zuba shi cikin sharar da za a ƙona.

Yau da rana, tun kafin dare ya yi, buɗe tocilarki ki duba. Wace lamba kika gani? Faɗa mana a ƙasa. Allah Ya tsare mana zuri'a.