Gawa Ɗaya, Ɗalibai Talatin

'Yan uwa malamai, a hutun da ya wuce 'yata, wadda ke aji biyu a makarantar koyon likitanci, ta ba ni labarin da ya hana ni barci. Ta ce a ɗakin da suke feɗe gawa don sanin sassan jikin ɗan Adam, su kusan talatin ke kewaye teburi guda, malami ɗaya kuma yana zagaya tebura da yawa. Wanda ke baya sai dai ya ji ana cewa ga jijiyar nan, bai gan ta ba. Sai na tuna ajina mai yara fiye da tamanin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Likitocinmu na ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, ga shi ana ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka. Shi ya sa wasu ke ba da shawarar a horar da mataimaka, wato ɗaliban manyan azuzuwa da masu digiri a wannan fanni, su tsaya a kan tebura suna nuna wa na ƙasa. Ina goyon baya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai mu malaman firamare mun taɓa bin wannan hanya, mun san ramukanta.

A 1976, da aka soma shirin UPE, yara suka cika makarantu, aka ɗebo malamai da gajeren horo. A 2016 kuma N-Power ta turo mana matasa masu digiri. Cikinsu akwai haziƙai, amma da yawa ba su taɓa tsara darasi ba. Sanin abu daban, iya koyar da shi daban. Mu da muka yi NCE, sai da muka yi koyarwar gwaji, ana zama bayan aji ana duba mu, kafin a damƙa mana alli.

Saboda haka a kiyaye abu uku. Na farko, a koya wa mataimakin dabarun koyarwa, da kare kai daga warin maganin da ake adana gawa da shi, da mutunta mamacin da ke kwance gabansa. Na biyu, ƙwararren malami ya riƙa sa masa ido, ya gyara kuskure kafin ya yaɗu. Na uku, a biya shi haƙƙinsa a kan kari, kada kuma a fake da shi a daina ɗaukar malamai na dindindin.

Wannan magana ta shafe mu, domin waɗannan ɗalibai daga hannunmu suka fito. Wadda ke leƙe daga bayan teburi yau, wataƙila ita ce za ta riƙe wuƙa ranar da aka kwantar da ɗayanmu a ɗakin tiyata.