Manyan Baƙi Ko Manyan Baki? A Duba Haruffa Kafin A Biya Kuɗin Bana



A walimar da muka yi kwanakin baya, mun kai aikin bana wurin wani mai buga takardu a Shomolu. Da aka ɗaura ta, sai ga shi an rubuta ɓaro-ɓaro: BARKA DA ZUWA MANYAN BAKI. Dattawan da muka gayyato sun yi dariya, mu kuwa kunya ta rufe mu.

Laifin ba na mai bugawa ba ne shi kaɗai, domin shi ba ya jin Hausa. Mu ne muka zaɓi salon haruffan don ya burge mu: masu kauri, masu 'yan ƙafafu a bakin kowane harafi, irin na kanun jarida. Gaskiya salon yana da amfani. Kaurinsa ya sa wanda ke cikin danfo yana iya karantawa kafin mota ta wuce, ƙafafun kuma suna ba rubutun kwarjini, shi ya sa ya dace da allon shago, fosta da kan katin gayyata.

Amma yana da iyaka. Idan aka rubuta dogon bayani da shi cikin ƙananan haruffa, sai tawada ta cike tsakaninsu, mai raunin ido ya kasa karanta lokaci da wurin taro. Babbar matsalar kuma ita ce yawancin irin waɗannan salo don Turanci aka ƙera su, babu ɓ, ɗ da ƙ a ciki. Kwamfuta sai ta sa akwati a gurbinsu, mai aiki kuma ya goge ya sa b, d ko k. Nan take ƙafa ta koma kafa, ƙare ya koma kare.

Wani zai ce ai kowa ya gane nufi. Babba zai gane, amma yaranmu da aka haifa a Legas fa? Da yawansu ba sa ganin rubutacciyar Hausa sai a banarmu. Abin da suka gani shi za su ɗauka daidai. Tun shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa masu ƙugiya, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Bai kamata su salwanta a hannunmu ba.

Shawararmu uku ce. A bar haruffa masu kauri a kan take kawai. A nemi salon da ke da ƙugiya, kamar Noto Serif ko Charis, kyauta ake sauke su a intanet, kuma suna da mai kauri. Sannan kada a biya kuɗi sai an turo samfuri ta WhatsApp wani mai jin Hausa ya karanta.

Ofishin sakatare a shirye yake ya duba wa duk mai buƙata, ba ko sisi. Allah Ya sa mu dace.