A Buɗe Mana Ƙofar Filin Golf, Ko Da Rana Ɗaya Ce A Mako

Na san da yawanku da ganin kan maganar nan za ku yi dariya, ku ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ɗan Sakajiki ina wasan golf? To ku ɗan yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan wanda zai yi dariya ya yi.

Golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da ake yi da 'yar ƙaramar farar ƙwallo wadda ba ta kai ƙwan kaza ba, da sanduna masu lanƙwasasshen kai. Cikakken fili yana da ramuka 18, faɗin kowane rami inci 4 da kwata. Mutum zai bugo ƙwallo daga nesa, ya bi ta, ya sāke bugawa, har ta faɗa rami, sa'an nan ya wuce na gaba. Wanda ya gama da bugu mafi kaɗan shi ya ci. Doka ba ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna fiye da 14 a jakarsa ba. Kafin a gama zagaye ɗaya an yi tafiyar mil 4 ko fiye, kuma filin kan ci eka fiye da 100. Ku riƙe wannan lissafi na eka, domin a kansa maganata take.

Turawa ne suka kawo mana wasan. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, na Kaduna tun 1921, na Kano da na Zariya su ma tun zamanin mulkin mallaka suke. Na Abuja mai sunan Janar Babangida shi ne na baya-baya, a 1991 aka buɗe shi. Amma kun taɓa tambayar kanku yadda aka yi irin wannan makeken fili ya samu a tsakiyar birni? A 1917 gwamnatin Lugga ta yi dokar tsarin garuruwa. A tsarin lokacin, tilas a bar sarari na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, ba mai gina gida a cikinsa, wai don kada sauro da gobara su ƙetara. A garuruwa da yawa irin wannan sarari ne aka mayar filin sukuwa da na ƙwallon dawaki da na golf. Wato tun asali filin shinge ne tsakaninmu da su. Bature ya tafi a 1960, shingen bai tafi ba, masu riƙe da mabuɗi ne kawai suka canja. Har yau a irin waɗannan kulob-kulob ba ka zama ɗan ƙungiya sai wani na ciki ya tsaya maka, ka biya kuɗin shiga, ka kuma riƙa biyan na shekara.

Ni dai Allah ya nufe ni da shiga ɗaya daga cikinsu a hutun ƙarshen zango da ya wuce, cikin hunturu. Kawuna direban wani attajiri ne a wani babban birni, shi ya roƙa aka bar ni na yi mako biyu ina ɗaukar jakar sanduna, aikin da suke kira kadi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Ga birni can yana ta hayaniya, ga hayaƙin motoci, amma da ka shiga ƙofar nan sai kukan kurciya da ƙarar sanda in ta sami ƙwallo. Wurin da ramin yake kuwa ba ciyawa ba ce kamar yadda muke gani a talabijin. Yashi ne aka cakuɗa da baƙin mai aka daddaɓe, kafin a yi bugu sai wani yaro ya ja buhu a kai ya share sawun ƙafa. Ashe dabarar ƙasar da ruwa ya yi wa kaɗan ke nan.

Wanda na fi ɗaukar wa jaka wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, mai furfura har a gira. Wata rana ƙwallonsa ta faɗa gindin darbejiya. Ya sunkuya ya janye wani busasshen reshe, sai ƙwallon ta ɗan mirgina, bai fi faɗin yatsa ba. Abokan wasansa suna can nesa, ba wanda ya gani. Sai ya mayar da ita inda take, ya ɗaga murya ya gaya musu ya ƙara wa kansa bugu ɗaya, domin haka doka ta ce. Na ce masa, "Baba, ai ba su gani ba." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai fa ba ka gani ba?" A ranar da bugu ɗaya aka cinye shi. Jama'a, ku gaya mini, a ƙwallon ƙafar da muke yi tsakanin gidajen kwana, wa ya taɓa zuwa wurin alƙalin wasa ya ce ni na taɓa da hannu? Mu da har rantsuwa muke yi!

Ran da zan bar garin, da la'asar sakaliya, bayan abokansa sun koma inuwa, dattijon nan ya miƙo mini sanda ya ce, "Zo ka buga ramuka ukun ƙarshe, kada ka koma Zamfara ka ce jaka kaɗai ka ɗauka." Bugun farko iska na sara. Na biyu na tono ƙasa. A na uku kuwa sai na ji wani ɗan sauti, ƙas, hannuna bai ji nauyin kome ba, na ɗaga kai na ga ƙwallo tana tafiya cikin hazo kamar tsuntsuwa. Rami na farko bugu 11 na yi, na biyu 9, na uku 8. Ƙwararru a bugu 4 suke gama irinsu, amma wallahi daren nan ban yi barci da wuri ba.

Sai dai ba don in ba ku labarin daɗin da na ji na ɗauki alƙalami ba. A cikin masu ɗaukar jaka akwai wani yaro sa'ana, ba ya makaranta, takalmin roba ne a ƙafarsa. Sanda ɗaya tak gare shi, tsohuwa, wadda wani ya yar, ya ɗaure marikinta da robar tayar keke. Da asuba kafin manya su iso yakan laɓe bayan itatuwa ya yi ta bugu. Na ga yaron nan ya ajiye ƙwallo goma a jere, ya jefa takwas cikin da'irar da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba, daga nisan da ya kai tsawon filin ƙwallon ƙafa. Shi ke gaya wa manya sandar da za su ɗauka da inda iska ta nufa. Amma in an ga ya daɗe a fili da sanda, sai mai gadi ya daka masa tsawa. Ni baƙo na mako biyu na buga ramuka uku saboda alherin mutum ɗaya, shi da ya girma a wurin sai a ɓoye. Wannan abu shi ya tsaya mini a rai.

Ra'ayina shi ne, kowane filin golf da ke kan ƙasar jama'a a tsakiyar birni ya keɓe rana ɗaya a mako ga masu ɗaukar jaka da 'yan makaranta, a ara musu sanduna, a sa mai koyarwa. Ban ce a ƙwace fili a yanka fulotai ba. Da an yi haka, manyan itatuwan nan da ke ba birni iska sai su tafi, kuma mun san ba talaka ne zai sami fulotin ba. Ban kuma ce kada masu kuɗi su yi wasansu ba. Kuɗinsu ne ke biyan leburori da masu gadi. Kwana shida nasu ne, ɗaya muke roƙo.

Kada wani ya ce ba a yin haka a duniya. Filin da ya fi kowane daraja shi ne tsohon filin Sant Andurus a ƙasar Sikotilan, inda aka tsayar da ramuka 18 a 1764. Filin nan na jama'ar gari ne. Ran Lahadi, in ba ana babbar gasa ba, ba a wasa a cikinsa, mutane ke shiga da iyalansu suna shan iska. In masu abu sun yi haka, mu da muka ara me zai hana mu?

Akwai kuma masu rufe ƙofa, kuma tarihi bai yaba musu ba. Kulob ɗin Ogasta na Amurka, inda ake gasar Mastas, baƙar fata bai shiga gasarsa ba sai a 1975, lokacin da Lee Elder ya buga. Bai karɓi baƙar fata a matsayin ɗan ƙungiya ba sai 1990, mata kuwa sai 2012. Shekaru da yawa baƙaƙe jaka kawai suke ɗauka a wurin. Sai ga shi a 1997 Tiger Woods, yana da shekara 21, ya ci gasar da ratar bugu 12. A Afirka ta Kudu an yi wani ɗan asalin Indiya, Papwa Sewgolum, wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara. Ya ci gasar Natal a 1963 da 1965, amma saboda dokar wariyar launin fata an taɓa miƙa masa kofi a waje ana ruwan sama, don bai da iznin shiga ɗakin kulob. Seve Ballesteros na Sifen ma kadi ne, a bakin teku ya koyi bugu da sanda ɗaya, ya zo ya ci babbar gasar Ingila a 1979. Duk lokacin da na tuna da shi sai in tuna yaron nan mai takalmin roba.

Wasu za su ce wannan wasan Nasara ne, ba namu ba. To ƙwallon dawaki fa? Turawa ne suka zo da shi, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe shi hannu biyu, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa har ƙasashen waje, yau in an ce ƙwallon dawaki sai a ce Katsina. Mu kuwa yaran karkara wa ya fi mu sanin sanda? Wanenmu bai taɓa buga ƙodagon goriba da sandar kiwo ba?

Magana mafi nauyi ita ce wadda mahaifina ya yi mini. Ya ce mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suna fama da 'yan bindiga, manomi na tsoron zuwa gonarsa, kai kana zancen ƙwallon attajirai. Gaskiyarsa, kuma ba na haɗa wannan da wancan. Da za a ce in zaɓa, zaman lafiya zan ɗauka ba tare da na yi tunani ba. Amma ai ba mu daina langa da kokawa da ƙwallon ƙafa ba saboda halin da ake ciki. Yawancinmu da ke kwana a makaranta ba mu fita ko'ina daga farkon zango har ƙarshensa, kuma rana ɗayar da nake roƙo ba za ta ci wa gwamnati ko kwabo daga kuɗin tsaro ba.

Kafin manya su amsa, ina roƙon Shugaban Makaranta da malamin wasanni su ba mu kangon da ke bayan ɗakunan kwana mu yi ramuka uku. Ba ma bukatar ciyawa ko famfo. Yashi muna iya ɗebowa, gwangwanin tumatir babba ya isa rami, kuma dattijon nan ya ba ni tsofaffin sanduna biyu da ƙwallo shida, suna nan cikin akwatina. Wanda ke so ya same ni ran Asabar bayan duba tsabta. Sharaɗi ɗaya ne, kowa shi zai ƙirga bugunsa da kansa.