LAFIYA UWAR JIKI: Awon Ƙarfin Tsoho a Gadon Asibiti

Sau da yawa akan kwantar da dattawa biyu a asibiti, shekarunsu ɗaya, ciwonsu ɗaya. Bayan mako guda sai a sallami ɗaya ya koma gida da ƙafarsa, ɗayan kuwa ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi. Abin da ya raba su shi ne raunin tsufa, wato ƙarewar ajiyar ƙarfin da jiki ke dogara da ita in cuta ta zo. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A shekarar 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, ta jera alamomi 5 na wannan rauni: rama ba dalili, yawan kasala, sanyin damƙa, nauyin tafiya, da raguwar kai-komo. Wanda ya haɗa 3 daga ciki, to, rauni ya kama shi. A 2005 kuma Farfesa Kenneth Rockwood na Jami'ar Dalhousie a Kanada ya fito da wani ma'auni, wanda yanzu yake da matakai 9, tun daga mai cikakken ƙarfi har zuwa wanda ajali ya gabato masa.

Wannan ma'auni ba ya bukatar na'ura, tambaya ce kurum. Shin tsohon yana wanka da kansa? Yana fita kasuwa? Yana shan magani ba sai an tuna masa ba? Kuma halinsa na makonni biyu kafin ciwon ake tambaya, ba na ranar da aka kawo shi ranga-ranga ba. Likita bai ga waɗannan kwanaki ba, mai jinya ne ya gan su. Saboda haka wajibi ne iyali su faɗi gaskiya, kada kunya ta sa a ce Baba lafiyarsa lau alhali ya daɗe bai taka ƙofar gida ba.

Ribar wannan awo babba ce. Mai rauni ya fi saurin ruɗewa, da faɗuwa, da gyambon kwanciya. Wani bincike na 2007 a Amurka ya nuna ko tsofaffi masu lafiya, kwanciyar kwana 10 ta zaftare musu kusan kilo 1 na naman ƙafafu. In an gane raunin tun ranar farko, sai a riƙa tayar da majiyyaci yana takawa, a kula da cimarsa, likita ya rage magungunan da suka yi masa yawa.

Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012. Kafin irinta ta wadata, tambayar nan ba ta cin ko kwabo, kowane asibiti yana iya yin ta. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.