Lafiyar mutanen kudancin Nasarawa daga gonakinsu take farawa

Duk lokacin da aka tayar da maganar 'yan asalin kudancin Jihar Nasarawa, jayayyar ba ta wuce wa ya riga wa zuwa, da wanda ya cancanci takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ba kasafai ake tambayar halin da jikin mutanen yake ciki ba. Alhali duk wanda ya san yankin ya san cewa lafiyar mazauna karkararsa a ɗaure take da ƙasar da suke nomawa, kuma ƙasar tana ta suɓuce musu.

Filayen da suka miƙe daga garin Lafiya zuwa bakin kogin Binuwai sun daɗe da mutane. Alago suna da tsofaffin sarautun Andoma a Doma da Osana a Keana, kuma su da Migili suna danganta asalinsu da daular Kwararrafa. Eggon da yawa sun sauko daga duwatsunsu zuwa filin noma a zamanin Turawa. Barebari ne suka kafa Lafiya a ƙarshen ƙarni na 18 ƙarƙashin Muhammadu Dunama, ga Gwandara, ga Tibi manoma, ga Fulani makiyaya. Doya da riɗi da shinkafa, da gishirin da matan Keana da Awe da Azara suke dafawa, su ne suka riƙe waɗannan al'ummomi tun kafin a cire jihar daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Abin da ke faruwa idan aka raba irin waɗannan mutane da abincinsu, tarihin wata ƙasa mai nisa ya riga ya nuna shi. A filayen ciyawa na yammacin Kanada, ƙabilar Cree da maƙwabtanta sun dogara ne da farautar ɓauna. A 1876 suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati, aka karɓi ƙasarsu, aka yi musu alkawarin akwatin magani da agaji idan yunwa ko annoba ta auku. Kafin 1880 ɓaunar ta ƙare, yunwa ta shigo, tarin fuka ya biyo baya ya yi musu mummunar ɓarna. An saɓa alkawarin, amma da yake a rubuce yake, har yau da shi jikokinsu suke kafa hujja wajen neman haƙƙin kula da lafiya.

A kudancin Nasarawa, ƙasa tana barin hannun manomi ta hanya biyu. Ta farko ita ce rikici. Kisan Sarkin Azara a watan Yunin 2001 ya jawo ramuwar gayya da ta raba dubban Tibi da gidajensu. A 2013 aka yi tashin hankalin Ombatse, har aka kashe jami'an tsaro da dama a ƙauyen Alakyo. Bayan dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai ta fara aiki a Nuwamban 2017, makiyaya suka kwararo, kashe-kashe suka ƙaru a Awe da Keana da Obi da Doma. A kowane karo, gawa ake ƙirgawa. Babu mai ƙirga yaron da ya rasa allurar rigakafi, ko mai cikin da ta haihu a ajin firamare inda aka tsugunar da su, ko iyalin da damina ta wuce ba su yi shuka ba.

Hanya ta biyu ba ta da ƙarar bindiga. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma idan aka karɓi gona, diyyar amfanin da ke kai da gine-gine ake biya, ba ta ƙasar ba. Yankin yana jan manyan masu zuba jari, kamar gonar shinkafar Olam a Rukubi ta Doma da aikin rake na Dangote a Tunga ta Awe. Masu goyon baya suna cewa hakan na kawo ayyuka da hanyoyi, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai albashi na mutum ɗaya ne, gona kuwa gida guda take ciyarwa, daga ita ake samun kuɗin magani da itacen girki da saiwoyin da ake jiƙawa kafin a kai ga asibiti.

Saboda haka ya kamata gwamnatin jiha ta ɗauki maganar ƙasa a matsayin maganar lafiya. Kada a miƙa wani babban fili sai an rubuta yarjejeniya da mutanen wurin, a gaban sarakunansu, wadda ta fayyace gonakin da za a bar musu, da ruwan sha, da ɗakin shan magani, da wanda zai biya ma'aikatansa. Kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, a fara kai shi mazaɓun da rikici ya watsa, domin ba kowane marar lafiya ne zai iya isa asibitin ƙwararru a Lafiya ba. A kuma ɗauki ma'aikata daga cikin 'ya'yan yankin, don tsohuwar da ba ta jin Hausa ko Turanci ta faɗi ciwonta da harshen Alago ko Tibi.

Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne, ya san darajar abin da aka rubuta aka sa hannu. Shi da sauran sarakunan yankin ne suka fi dacewa su matsa wa Majalisar Dokokin Jiha ta mayar da wannan sharaɗi doka, tun kafin a yanka fili na gaba.