Zama a Aji Ba Shi Ne Karatu Ba

A ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, yaron da sanƙarau ko ƙyanda ta ɗauke masa ji abu biyu ke jiransa: ko a kora masa awaki ya bi su jeji, ko a tura shi firamare ya zauna a bayan aji. Wannan na biyun ne ake kira ilimin bai-ɗaya a takardun ofis, kuma shi ya fi ƙona mini rai.

Ku leƙa ajin ku gani. Malam ya ba yara baya, yana rubutu a allo yana bayani da baki. Yara na amsawa da ƙarfi. Kurman yana kallon bakin na kusa da shi, yana motsa nasa don kada a ce bai yi ba. Yana kwafe haruffa tsaf, littafinsa ya fi na kowa tsabta, amma bai san me ya rubuta ba. Haka zai cinye shekara shida, sannan a ce ba shi da kai. Wallahi ƙarya ne! Kansa lafiya lau. Mu ne muka ƙi yi masa magana da harshen da yake ganewa.

Kuma ba don babu doka ba. Tun 2010 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jiharmu ta Katsina, ya sa hannu kan dokar da ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su, a kuma sa maganar hannu cikin manhaja. To, ina ma'aikacin?

Za a ce ai akwai makarantar kurame a Malumfashi. Akwai, kuma Allah ya saka wa malamanta. Amma wane uba ne zai kwana da hankali kwance bayan ya kai ɗan shekara bakwai makarantar kwana mai nisa, a wannan zamani na 'yan bindiga? Da wane kuɗin mota? Balle in 'ya mace ce.

Abin takaici, masu maganin suna nan cikinmu, ba a tambayarsu. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu tun kaka da kakanni. Kano har Sarkin Bebaye take da shi, kuma Constanze Schmaling ta fitar da littafi guda a kan harshen a 2000. Alamun da ake koyarwa a makarantu kuwa tushensu na Amurka ne, ta hannun Andrew Foster, kurman da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Wa zai haɗa wa yaron ƙauye waɗannan biyun in ba babban kurma da ya iya su duka ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1880 masu ji sun taru a Milan ta Italiya suka yanke cewa a daina koyar da kurame da hannu, aka yi kusan shekara ɗari ana girbar ɓarnar. Kada mu maimaita.

Ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Katsina ta ɗauki kurame masu takardar malanta aiki, ta tura su ƙauyuka. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya duk a Dutsin-Ma suke; kada ɗalibin malanta ya fita daga cikinsu bai iya gaisawa da koyar da ƙidaya da hannu ba, kuma kurame su koyar da shi.

Ku ma shugabannin Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa da rassanta, ban bar ku ba. Aikinku ya wuce taron 23 ga Satumba, ranar harsunan hannu ta duniya, da karɓar shinkafar azumi. Ku fito daga birni, ku bi gida-gida tare da masu unguwanni ku ƙidaya yaran nan, ku koya wa uwaye magana da 'ya'yansu, ku kai jerin sunayen gaban sakataren ilimi na Dutsin-Ma da na Kurfi. Kada ku tashi daga ofishin sai an faɗa muku sunan malamin da za a turo da ranar da zai fara aiki.